Amsa ga mai tambaya kan ciniki a Kasuwar Kurmi

Ɗan'uwa, ka ce za ka zo Kano daga Maraɗi karo na farko, kana so ka sayi kayan fata a Kurmi, kuma kana tsoron a tsuga maka kuɗi don an ga baƙo ne kai.

Kurmi tsohuwar kasuwa ce, tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, lungunanta kuwa matsattsu ne. Da ka shiga za ka ga samari suna cewa su raka ka. Yawancinsu dillalai ne, la'adarsu kuma a kan kuɗin kayanka za ta hau. Ka gode musu, ka wuce.

Kada ka saya a rumfar farko. Ka zaga uku ko huɗu kana jin farashi. In jaka ta yi maka, ka juya cikinta ka duba ɗinkin, ka shinshina fatar. Wadda ba ta jemu da kyau ba warinta ba ya ɓuya.

Sai ka gaisa da mai rumfa sosai kafin ka ce "nawa?" In ya faɗa, ka taya ƙasa, amma ba tayin wulaƙanci ba. Zai ce "albarka", ka ɗan ƙara. Abin da nake roƙonka shi ne, kada ka taya abin da ba ka da niyyar saya. Da ya ce "na sallama", ciniki ya faɗa, janyewa abin kunya ne.

Ka canza sefarka zuwa naira tun kafin ka shiga, kuma ka guji zuwa daf da sallar Juma'a, rumfuna da yawa a rufe suke.