Me ya sa wani takalmin tsalle ya ninka wani kuɗi?

Yarona, ka ce ka ajiye takalman tsalle biyu, wato ƙafafun ƙarfen nan masu sifirin da ake ɗaurawa a ƙafa a yi tsalle da su, gefe da gefe, mai tsada da mai araha, ka duba baka ga wani bambanci ba sai fenti, to me ake saya da ƙarin kuɗin? Ai ido ba zai nuna maka ba, sai ka hau ko ka kwance.

Kuɗin yana cikin sifirin ɗin nan na baya mai lanƙwasa kamar baka, shi ne abun gaba ɗaya, tun da wani Bajamushe, Alexander Böck, ya ƙirƙiro takalmin a kan sifirin ɗin ya gina komai. Da faiba ake yinsa, wato zaren gilashi da aka haɗe da roba mai tauri, kuma faiba suna suka tara. Mai kyau in ka danna yana lanƙwashewa a hankali ya dawo maka da ƙarfin da ka saka, shi ya sa gwani ke tashi sama da mita 1 ba tare da ya wahala ba. Na araha kuwa ko dai ka ji shi ƙiƙam ya ƙi lanƙwasa ko ya yi laushi da wuri, kana dira ka ji ya kai ƙarshe ya buga, gwiwarka da bayanka ne ke shan wannan bugun, wani lokacin ma ƙafar dama da ta hagu ƙarfinsu ba ɗaya ba, mutum yai ta karkata yana zaton shi ne bai iya ba. Kuma in ka ga fari-fari ko zare ya fara tashi a jikin faibar, dan Allah kar ka bar kowa ya hau, a tsakiyar tsalle yake karyewa.

Sai mahaɗai. Masu tsada irin su samfurin Powerskip alminiyam ɗinsu mai kauri ne, walda tsaf. Kama wurin ɗora ƙafa ka girgiza shi gefe da gefe, in yana wasa to boris ko bushin ɗin ya ci, a na araha da wuri suke ci, noti kuma kullum sai an ɗaure. Robar ƙasa ma haka, ta banza kwalta ke cinye ta nan da nan, ƙarfe ya fito, santsi ya kwashi mutum. Maɗaurin ƙafa da na ƙwauri kuwa in robar mai ƙarau ce tsagewa take.

Abinda ya fi damuna shi ne kayan gyara. Mai suna zaka samu sifirin da roba da maɗauri daban ka canza, wanda ba a san kamfaninsa ba abu ɗaya ya lalace shikenan an yi asara duka.

Ba fa cewa nake na araha haramun bane. Wanda ke koyon tsayuwa da tafiya, ko yana so ya gwada ya gani, zai masa. Amma mai wasa gaban jama'a, mai alkafura, wallahi bana yarda ya hau shi. Kuma kafin ka yi maganar kuɗi da kwastoma ɗora shi a sikeli, don kowane sifirin da nauyinsa, akwai na kilo 50 zuwa 70, akwai na 70 zuwa 90, haka dai. Mai kilo 95 a kan na 70 ko nawa ya saya zai kashe sifirin ɗin, mara nauyi a kan mai ƙarfi kuma ko motsa shi ba zai yi ba. Ka tabbatar ya haɗa da hular kwano da kariyar gwiwa da ta wuyan hannu kafin ya tafi.