Wai da gaske ne 'yan Afirka sun san ilimin taurari tun kafin zuwan Turawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, na ga wani bidiyo a Facebook ana cewa ƙabilar Dogon ta Mali sun san wani tauraro da ido ba ya gani tun kafin Turawa su gano shi. Don Allah gaskiya ne? Kuma wai dama kakanninmu suna da ilimin taurari, ko duk duba ne da bokanci?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Suna da shi sosai, kuma ba duba ba ne, lissafi ne na lokacin ruwa da shuka da tafiya, don manomin da ya kuskure lokacin shuka shi da iyalinsa ne za su kwana da yunwa.

Ka ga a kudancin Masar akwai wani wuri cikin hamada, Nabta Playa, wajen kilomita 100 yamma da Abu Simbel, inda makiyayan shanu suka kafa duwatsu a da'ira shekara kusan 7,000 da suka wuce, tun ba a gina dala ko ɗaya ba, masu bincike kuma suka ga wasu ƙofofin da'irar suna fuskantar inda rana ke fitowa a ranar da yini ya fi tsawo, lokacin da ruwan sama ke sauka a can a zamanin. Daga baya Misirawa suka riƙe tauraron Shi'ira, wannan dai da aka ambata a Suratun Najmi. Yakan ɓace kamar kwana 70, ranar da ya sake leƙowa gabas da asuba sun san Kogin Nilu ya kusa cika. Shekararsu kwana 365 ce, wata 12 masu kwana 30 sai ƙarin kwana 5.

Boranawa na kudancin Habasha da arewacin Kenya su kuma haɗuwar wata da wasu taurari 7 suke bi su ƙirga watanninsu. Zulu na Afirka ta Kudu suna jiran fitowar taurarin Kaza da 'Ya'yanta da asuba kafin su ɗauki fartanya.

Mu ma nan ai ba a bar mu a baya ba, tsofaffin manoma har yau suna ƙirga taurarin damina, su Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha. Wannan lissafin manzilai 28 ne, wato masaukan wata a cikin taurari, da malamai suka kawo daga littattafan Larabci, kowanne kwana 13 banda Jabha mai 14, in ka tara 365 cif. Buzaye masu ayarin gishiri zuwa Bilma kuwa da taurari suke ratsa hamadar Tenere cikin dare. Abin da ke damuna shi ne masu wannan sanin suna ta ƙarewa ba a rubuta ba.

To maganar Dogon, a nan sai an yi a hankali. Shi'ira yana da ɗan ƙaramin abokin tafiya da ake kira Sirius B, suna zagaya juna duk shekara 50, ba a gan shi ba sai 1862 da madubin hangen nesa a Amurka. Labarin cewa Dogon sun san shi ya fito ne daga Bafaranshe Marcel Griaule da abokiyar aikinsa Germaine Dieterlen a 1950, wato shekara 88 bayan an gano shi, kuma kafin nan Turawa sun daɗe suna shiga yankin. Walter van Beek, wani mai bincike ɗan Holan da ya zauna da su shekaru, ya rubuta a 1991 cewa ya yi ta tambaya bai samu masu wannan bayanin ba. Ni a ganina hujjar ba ta tsaya da ƙafarta ba, masu cewa wasu halittu ne daga sama suka koya musu kuwa raini ne kawai, kamar Baƙar fata ba zai iya lura da sama da kansa ba. Abin da ya tabbata shi ne Dogon suna da bikin Sigi da suke yi duk shekara 60, na baya an fara shi a 1967 aka gama a 1973, na gaba ana sa ran farawa a 2027.