Ya ƙi sakina, ya ce sai na biya shi duk abin da ya kashe

'Yar'uwa, kin ce mijinki yana dukanki, ya daina ciyar da ke, kuma ya ce ba zai rubuta takarda ba sai kin biya shi kuɗin lefe da na biki. Kada ki yi gaggawar neman khul'i.

A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a na Arewa suke bi, idan mace ta tabbatar da cutarwa, alƙali yana iya raba auren ba tare da ta mayar da ko kwabo ba. Khul'i na wadda ta gaji da zaman ne ba da laifin miji ba, ita ce take fansar kanta, galibi da sadaki. Don haka ki shigar da ƙara a kan cutarwa da rashin ciyarwa, ki nemo shaidu biyu, maƙwabta ko dangi, da takardar asibiti in akwai. Alƙali zai fara neman sulhu, watakila ya kira waliyyinki, kada ki ɗauka ya goyi bayan mijin ne.

Hisbah sulhu take yi, ba ta yanke hukunci. Renon yara ƙanana naki ne muddin ba ki sake aure ba, ciyar da su kuwa na ubansu. In hukuncin bai gamsar da ke ba, ki ɗaukaka ƙara da wuri, akwai wa'adi.