Allurar zafi tana rawa a tsohuwar Fijo 504: inji ne ko waya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Fijo 504 haɗin Kaduna. Allurar zafi sai ta tashi ta kusa taɓa ja, can kuma ta faɗo, ko da ina tafe a titin Zariya babu cunkoso. Ruwa bai taɓa tafasa ba. Me ke jawo haka? Daga mai karatu a Gwammaja.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka bari a kwance komai, lura da saurin allurar. Ruwan inji ba ya zafi ya huce cikin daƙiƙa biyu. In tsalle take yi farat ɗaya, musamman in ka faɗa rami ko ka kunna fitila, to laifin wuta ne.

Sanson zafin wannan mota, wato na'urar da ke auna zafin ruwa ta aika wa allura, ta jikin inji yake samun as (hanyar da wuta ke bi ta koma batir). Cire wayarsa, ka buɗe makulli: allura ta kwanta ƙasa. Taɓa wayar a jikin inji na ɗan lokaci kaɗan: ta haura sama. In ta yi haka, geji lafiya lau. Sai ka goge tsatsar bakin wayar da sanfefa, ka matse ta, sannan ka duba babbar wayar da ta haɗa batir, inji da bodi. Yawanci a nan ɓarawon yake.

In kuwa a hankali take hawa tana sauka, koma kan ruwa. Da safe, inji na sanyi, buɗe murfin lagireto (kada ka kuskura ka buɗe shi da zafi). Ruwa in ya ragu, iska ce ke wucewa ta kan sanso tana ruɗa shi. Cika, ka tayar, ka bar murfin a buɗe har iskar ta fita. Kumfa in ta ƙi tsayawa, zargi gasket ɗin kan inji.

Sai tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar zuwa lagireto in inji ya yi zafi. Ciro shi, ka jefa a tukunyar ruwa bisa wuta. Ya kamata ya buɗe wajen digiri 80, kafin ruwan ya tafasa. In yana cijewa, nemi sabo a Ƙofar Ruwa. Al'adar wasu makanikai ta cire shi a yar wai don zafin Kano ba gyara ba ce, ɓoye ciwo ne. Ka kuma taɓa fambel: in ya saki, famfon ruwa ba zai juya daidai ba.