Rage wa kamfanoni haraji: ina rarar take tafiya?

Malam, ka tambaya ko rage wa kamfanoni haraji yana ƙara yawan kayan da ma'aikaci ke samarwa, har talaka ya gani a tukunyarsa. Na daɗe ina riƙe da lissafin wata ƙaramar masana'antar roba a Sharaɗa, Kano, ga abin da idona ya gani.

A kan riba ake cire harajin kamfani, saboda haka wanda bai ci riba ba, ragin bai shafe shi ba. Dokar Kuɗi ta 2019 ta yafe wa ƙananan kamfanoni masu cinikin da bai wuce naira miliyan 25 a shekara ba, matsakaita kuma ta sauko da su daga kashi 30 zuwa 20. Mu a lokacin a matsakaitan muke. Maigida, Allah Ya saka masa, ya haɗa rarar da ragin harajin ya bar masa da bashi ya sayo sabon inji. Yaran da ke mana aiki dai su ne, awoyinsu ba su ƙaru ba, amma kayan da suke fitarwa suka ƙaru sosai, albashi ma ya motsa. Injin ne ya yi wannan aikin. Na san masu masana'antu da suka samu irin rarar nan, filaye suka saya da ita, ma'aikatansu ko sisi ba su gani ba.

Mu ɗin ma daɗin bai jima ba. Dizal ya tashi a 2022, sannan a Afrilun 2024 wutar Band A, wato ta rukunin da aka fi ba awoyin wuta a rana, ta koma naira 225 kowane yunit. Nan rarar ta narke.

A Amurka ma haka. A 2017 Trump ya rage harajin daga kashi 35 zuwa 21, aka yi alkawarin kuɗin shigar gidaje, a matsakaici, zai ƙaru da dala 4,000 a shekara. Zuba jari ya ƙaru, gaskiya ne, amma albashi bai ko kusanci alkawarin ba. A 2018 manyan kamfanoni sun kashe kusan dala biliyan 800 wajen sake sayen hannayen jarinsu. Ingila ta sauko daga 28 zuwa 19, jari bai zo yadda aka so ba, a 2023 ta koma 25, ta ba mai sayen inji rangwame. Ni wannan tsarin na fi yarda da shi: ka sayi inji, a sassauta maka.

Kada kuma ka manta, Malam, gwamnati sai ta cike giɓin da ragin harajin ya bari. Dokar 2019 ɗin nan ita ce ta ɗaga harajin VAT, wato wanda ake ɗorawa a kan kayan saye, daga kashi 5 zuwa 7.5, wanda mai saye ne ke biya, har da yaran masana'antarmu.