Tun da ɗana ya fara wasan harbe-harbe a waya na kasa gane kansa

Assalamu alaikum Anti. Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu a Kaduna. Babban ɗana shekararsa 15. Da can yaro ne mai sanyin hali, ko tsawa aka yi masa sai hawaye. Tun da kawunsa ya ba shi waya ya kama wasan nan na PUBG, komai ya sauya. Kwana yake yi a kai da abin saurare a kunne, ina jiyo shi yana ihu yana zagin mutanen da ban sani ba. In na aike shi sai ya ce "Umma bari in gama", in na matsa ya fita yana buga ƙofa. Makon jiya ƙanwarsa ta fisge wayar yana tsakiyar wasa, ya mare ta har bakinta ya fashe. Babansu ya rantse zai fasa wayar ya zane shi. Tsorona shi ne, yaron da yake yini yana harbin mutane, ko da na ƙarya ne, ba zai tashi da ƙeƙasasshiyar zuciya ya faɗa daba ba? Don Allah ki ba ni shawara.

Uwa mai damuwa, Kaduna

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba yarinyar lafiya.

Bari in fara da tsoron naki. Masana sun daɗe suna jayayya a kan wannan. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta ce a 2015 akwai alaƙa tsakanin wasannin kashe-kashe da ƙaruwar zafin rai, irin su tsawa, zagi da ture-ture, amma babu isasshiyar hujja cewa suna kai mutum ga aikata manyan laifuka. A 2020 ta sake jan kunne cewa kada a ɗora wa wasa laifin kashe-kashen da mutane ke yi a zahiri. A 2019 kuma masu bincike a Jami'ar Oxford sun yi nazari a kan yara kusan 1,000 masu shekara 14 da 15 a Birtaniya, har da jin ta bakin iyayensu, ba su ga alaƙar ba ma. Don haka ki kwantar da hankalinki a kan maganar daba. Abokan banza da rashin kulawa sun fi wasan waya kai yaro can.

Amma fushin da kike gani gaskiya ne, kuma yana da tushe. A PUBG ana jefa mutum 100 a tsibiri ɗaya, wanda ya rage a raye shi ne gwani. Zagaye ɗaya kan ci kusan rabin awa, kuma ba a tsayar da shi, domin da mutane na gaske yake bugawa ta intanet. In ya ajiye waya, an kashe shi, abokan tafiyarsa su yi ta zaginsa a kunne. Abin da "bari in gama" ke nufi ke nan. Wani bincike na 2014 ya nuna takaicin shan kaye da kasa sarrafa wasa ya fi jinin da ake gani a allo tunzura mai wasa. Ki haɗa da rashin barci. Yaro mai shekarunsa na bukatar awa 8 zuwa 10 a dare, shi kuwa yana kwana ido biyu. Ko babba ne zai zama mafaɗaci.

Marin ƙanwarsa kuwa kada ki bari ya ɓuya a bayan wasa. Hannunsa ne ya yi, shi zai ɗauki laifin. Ya ba ta haƙuri a gabanku, a karɓe wayar na mako guda, a gaya masa dalili. Ita ma a ja mata kunne kan fisgar kayan yayanta. Ki lallashi Malam ya ajiye bulala. Ba a koya wa yaro cewa duka ba kyau da duka, kuma in aka fasa wayar zai koma ta abokai, inda idonki ba ya kaiwa.

Idan za a mayar masa, ku zauna ku uku a yi sharaɗi. Ku ƙayyade masa da zagaye, misali biyu bayan ya gama aikin makaranta da na gida, domin ƙayyadewa da minti zai riƙa yanke shi a tsakiya, rigimar ta dawo. Waya ta kwana a ɗakinki daga sallar isha'i. Ya yi wasan a falo ba tare da abin kunne ba, ki ji da wa yake magana. Wannan zagin na baƙi ya fi harbin damuna, don shi ne yake shiga bakin yaro. In wayar Android ce, manhajar Family Link ta Google za ta taimaka miki wajen rufe ta da dare. Ki kuma samar masa abin da zai gajiyar da jikinsa, ko ƙwallo ko koyon sana'a da yamma.

Ki tambaye shi a hankali ko wani abu na damunsa a makaranta, don yara da yawa wasa mafaka ce gare su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka a 2019: mutum ya kasa dainawa, ya fifita shi a kan komai, ya ci gaba duk da cutarwar, yawanci har tsawon wata 12. In kin ga ya bar makaranta, wanka ko abinci saboda shi, ko ya sake ɗaga wa wani hannu, kada ki jira shekara ta cika, ku kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa.

Anti