Amsa ga ƙanena ɗan boksin: me ya sa kake shanye naushin wani amma na wani ya kai ka ƙasa

Wa alaikumus salam ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce kana haɗa takardun zuwa karatu nan Ingila kuma in Allah ya kawo ka kana so ka ci gaba da boksin ɗinka, amma akwai abin da ya tsaya maka a rai, wai a wurin atisayenku akwai wani ƙato da yake jibgarka kana shanyewa ko gezau, sai ga wani siririn yaro da bai ma kai ka nauyi ba ya taɓa ka sau ɗaya ƙafafunka suka ƙi ɗaukarka. Shi ne kake tambaya ko haɓarka ce ba ta da ƙwari, ko dai ka haƙura da damben gaba ɗaya.

Kar ka yi saurin yanke wa kanka hukunci, wannan abin ya faru da waɗanda suka fi ka nesa ba kusa ba.

Ka fara gane abin da ke sumar da mutum tukuna. Ƙwaƙwalwa ba a manne take da ƙoƙon kai ba, a cikin ruwa take zaune, to in naushi ya juya kai farat ɗaya sai ƙoƙon ya riga ta tafiya ita kuma ta biyo baya tana murɗewa, jijiyoyinta su ja, saƙon da ke tafiya tsakanin kai da jiki ya ɗan katse, kawai sai ka ga mutum ya sulale. Juyawar nan ita ce matsalar, ta fi zafin dukan kansa muhimmanci. Shi ya sa ake neman haɓa, don ita ce ta fi nisa da inda kai yake juyawa a kan wuya, kamar sipana mai dogon hannu ce, ƙarfi kaɗan ya isa ya murɗa ƙusar da gajeriya ba za ta iya ba. Naushi mai nauyi a goshi kana iya jin sa har haƙoranka amma kana tsaye, wanda bai kai rabinsa ba in ya sami gefen haɓa daidai shi ke nan.

Dubi 'yan damben nan ka ga yadda lissafin "wane ya fi wane ƙarfi" yake rushewa. Joe Frazier ya yi dambe da Muhammad Ali sau uku, Ali bai taɓa kai shi ƙasa ba, shi ne ma ya kayar da Ali a turmi na 15 a 1971. Amma George Foreman ya kayar da Frazier sau shida cikin turmi biyu kacal a Kingston ta Jamaika a 1973. Ken Norton da ya karya wa Ali muƙamuƙi a 1973, shi ma Foreman turmi biyu ya gama da shi. Kowa ya ɗauka Ali ya gama yawo, sai ga shi a Kinshasa a 1974 ya jingina da igiya ya sha dukan Foreman ɗin nan bai faɗi ba, ƙarshe shi ya kwantar da Foreman a turmi na 8. Kuma wannan Alin dai, Henry Cooper ɗan Ingila wanda bai kai shi nauyi ba ya zaunar da shi da hagu ɗaya a 1963. To ka ga in ƙarfin hannu ne kaɗai labarin ai ba zai tafi haka ba. Frazier gajere ne, salonsa shi ne ya sunkuya ya kutso ciki, Foreman kuma gwanin ɗago naushi ne daga ƙasa, wato kansa yake kawowa inda hannun yake tasowa. Ali kuwa baya yake kwantawa, yana kallon kowane hannu tun daga kafaɗa, yawancin dukan a damtse da haƙarƙari ya ƙare, wanda ya sami kai ma ya riga ya kauda fuska ya bi shi ya rage masa ƙarfi.

Abin da nake so ka riƙe fiye da komai shi ne wannan maganar gani ɗin. Duk kocin da ka zauna da shi a nan zai gaya maka naushin da ba ka gani ba shi ke kayar da kai, kuma wallahi haka abin yake. In ka hango shi, ko da ƙiftawar ido ce, jikinka da kansa zai ɗaure wuya, ka cije, ka sauke haɓa, kafaɗa ta taso, kai da gangar jiki su zama abu ɗaya mai nauyi da wuyar juyawa. In ba ka gan shi ba wuyanka a sake yake, bakinka ma wataƙila a buɗe kana jan numfashi, kan shi kaɗai zai ɗauki dukan. Manny Pacquiao ya sha hannun Miguel Cotto da Antonio Margarito waɗanda duk sun fi shi girman jiki bai faɗi ba, ya kuma yi dambe uku cur da Juan Manuel Marquez, amma a karo na huɗu a Disambar 2012, daƙiƙar ƙarshe ta turmi na 6, ya zabura zai kai hari Marquez ya tare shi da dama, ya kife rub da ciki. Ka lura gudu biyu ne suka haɗu a wurin, gudun hannun Marquez da gudun shigowar Pacquiao da kansa. Marquez ya daɗe yana karantar lokacin da yake tsallowa.

Sai kuma inda ya sauka. Anthony Joshua ya sha damar Wladimir Klitschko a Wembley a 2017, ya faɗi a turmi na 6 ya tashi ya dawo hayyacinsa har ya gama da shi a na 11. Shekara biyu bayan nan a New York, Andy Ruiz wanda mutane suke ta yi wa dariyar tumbi ya same shi da hagu a gefen kai wajen kunne a turmi na 3, kuma a lokacin Joshua ne ya kayar da Ruiz ya shigo zai ƙarasa shi, hankalinsa duk yana kan dukan da zai yi. Daga nan ƙafafunsa ba su ƙara dawowa daidai ba har aka tsayar da wasan a turmi na 7. Dukan wajen kunne daban yake, don a cikin kunne abin da ke daidaita tsayuwar mutum yake, idonka biyu kana jin komai amma ƙasa tana juya maka. Na hanta ma nasa daban ne, ƙasan haƙarƙari ta dama, wannan ba ruwansa da ƙwarin haɓa sam, ka tuna Ryan Garcia a hannun Gervonta Davis a 2023, sai da ya ja baya tukuna sannan ya durƙusa ya kasa tashi.

Yanzu mu dawo kan ƙatonka da siririnka. Ban gan su ba amma zan iya cewa ƙaton nan yana ɗebo hannu ne daga nesa, kana ganin tahowarsa, kuma dukansa irin mai turawa ne, yana girgiza ka yana gajiyar da kai amma ba ya fizgar kai. Siririn kuma hannunsa gajere ne mai sauri, yana sakinsa ne daidai lokacin da kai ma ka saki naka haɓarka tana waje. In kuma bahago ne to magana ta ƙare, don idonka ya saba da hanyar da hannun na-dama yake biyowa, nasa ta wata kusurwa yake zuwa. In akwai wanda ya ɗauki bidiyon ranar ka nema ka kalla a hankali, ka duba ina hannunka na dama yake lokacin da abin ya same ka, kuma gaba kake tafiya ko baya. Ina kyautata zaton a nan za ka ga amsarka.

Akwai kuma yanayin da kai kanka kake ciki a ranar, wanda samari ba sa son a faɗa. Mutumin da ya gaji wuyansa da ƙafafunsa sun saki, idonsa ma ya rage kaifi, abin da zai shanye a turmin farko shi zai kayar da shi a na ƙarshe. Wanda ya ƙi shan ruwa ya matse jikinsa don ya ci awon nauyi shi ma ya rage wa kansa juriya. Roy Jones ya hau ajin masu nauyi ya ci John Ruiz a 2003, ya sake zubar da nauyin ya sauko, a 2004 Antonio Tarver ya sumar da shi a turmi na 2, bayan wata huɗu Glen Johnson ma ya sumar da shi, Jones ɗin da a da taɓa shi ma aiki ne. Gaskiya ne Allah ya yi wasu da juriya fiye da wasu, kaurin wuya da ƙirar kai suna da nasu tasirin, kuma atisayen wuya yana taimakawa, amma ba wanda ake ƙara masa ƙwarin ƙwaƙwalwa ta hanyar dukansa. Raguwa ma take yi.

Shi ya sa maganarka ta cewa kana shanye dukan ƙaton nan ko gezau ta fi damuna a kan faɗuwar da ka yi. Don Allah ƙanena ka daina tsayawa ana jibgarka don a ce kai namiji ne, duk wanda ya shiga kai yana barin nasa ko ba ka faɗi ba. Kuma tunda ƙafafunka sun saki a ranar nan, ka ɗauka ƙwaƙwalwarka ta girgiza, ka ajiye safar hannu na wasu makonni, in kana jin ciwon kai ko jiri ko amai ko mantuwa ko haske yana damun idonka ka je ka ga likita kafin ka bari wani ya ƙara taɓa ka, don duka na biyu a kan wanda bai warke ba shi ne mai haɗarin gaske. Hular kariya ma kar ta ruɗe ka, tana rage yanka da kumburi amma ba ta hana kai juyawa.

Game da zuwanka nan kuma, ka sani bizar ɗalibi ba ta yarda ka yi wasa a matsayin ƙwararre mai karɓar kuɗi ba, amma kana iya shiga kulob na 'yan sha'awa, yawancin jami'o'i ma suna da nasu. Hukumar England Boxing ce ke yi wa irin waɗannan rajista kuma sai likita ya duba ka kafin ka hau fili, in aka tsayar da wasanka saboda dukan kai za a dakatar da kai na wani lokaci ko kana so ko ba ka so. Masu yin sa a matsayin sana'a kuwa hukumarsu tana sa su hoton ƙwaƙwalwa duk shekara. In ka zo ka gaya wa kocin gaskiyar abin da ya same ka tun ranar farko, kar ka ɓoye don kunya, kuma kar ka ji haushi in ya hana ka gwada hannu da kowa ya tsayar da kai a kan aikin ƙafa da kauda kai da mayar da hannu gida bayan kowane naushi. Ka turo min bidiyon in ka samu mu duba tare, Allah ya sa takardun su fito lafiya.